Tsohuwar iPhone ko Sabuwar Android: Lissafin Mai Sayen Waya a Maiduguri

Musun da samari ke tafkawa a majalisu, daga Gwange har Bulumkutu, kan wace waya ce gaba tsakanin Android da iPhone, musu ne da aka shigo mana da shi daga waje, har da hujjojinsa. Masu sharhin waya a YouTube, waɗanda galibinsu ke zaune a Amurka ko Turai ko Indiya, sukan jera sabuwar iPhone da Samsung mafi tsada a kan tebur, su ɗauki hoto da wannan su ɗauka da waccan, su auna gudun kowacce. Yaro ya kalla da datar dare, ya haddace, da yamma ya zo ya juye wa abokai. Alhali daga shi har abokin musun nasa babu mai sayen ko ɗaya daga cikin wayoyin da ake magana a kai. Lokacin da iPhone 16 ta fito a watan Satumba na 2024, mafi araharta dala 799 ce, dala kuwa tana wajen naira 1,600. Tun kafin a ɗora kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ta haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin kusan shekara ɗaya da rabi, bai ci ba bai sha ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban mutumin da ya tsaya a shagunan waya na wajen Post Office da kuɗinsa a aljihu daban take da ta YouTube. Abu biyu kuɗin nan za su iya saya masa. Ko dai iPhone ta hannu, wadda ta yi shekara biyar ko shida a duniya, ta gama aiki a hannun wani a Amurka ko Ingila, ta biyo ta Dubai ko China, ta sauka Computer Village a Ikeja ko Farm Centre a Kano kafin ta iso nan. Ko kuwa sabuwar Tecno ko Infinix ko Redmi ko ƙaramar Samsung, dal a kwali da ledarta. A kan waɗannan biyun ya kamata a yi musun, in dai don mutumin Maiduguri ake yin sa.

Akwai kuma abin da ke rikita zancen tun daga tushe. iPhone waya ce ta kamfani ɗaya tun fitowarta a 2007. Apple ne ke tsara ƙarfen, shi ke rubuta iOS, manhajar da ke tafiyar da shi, kuma a ƙasar nan ba a sauke mata komai sai ta kasuwarsa. Android tsari ne da Google ya saya a 2005, ya fara fitowa a waya a 2008, aka bar shi ga duk kamfanin da ke son ɗora shi a kan nasa ƙarfen. Itel ɗin da ke aljihun mai tura ruwa Android ce, Samsung mai naɗewa da ke hannun ɗan majalisa ma Android ce. Wanda ya rantse cewa Android tana maƙalewa, galibi wayar da ya taɓa riƙewa yake nufi, wadda kuɗinta bai kai ushirin na iPhone ɗin da yake gwada ta da ita ba.

Mutanen garin nan sun taɓa zaɓa a baya, sun kuma ga yadda zaɓi ke mutuwa a hannu. Bayan MTN da Econet sun buɗe layi a 2001, Nokia ce ta riƙe kasuwa shekara da shekaru. Sai BlackBerry ta zo, ya zamana duk wanda ba shi da lambar BBM ba a lissafa shi cikin 'yan gari. Nokia ta jingina da tsarin Windows na Microsoft a 2011, suka nutse tare. BlackBerry ta rufe sabis ɗin tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022, amma tun ƙarshen 2017, da WhatsApp ya daina aiki a kansu, aka riga aka yi musu jana'iza. Huawei ma ta fara shiga ran mutane, sai takunkumin Amurka na 2019 ya raba sababbin wayoyinta da Play Store. A wurinmu waya takan mutu ne ranar da WhatsApp ko manhajar banki ta ƙi buɗewa a kanta, ko da gilashinta bai taɓa tsagewa ba.

Wanda ya gaji kasuwar Nokia wani kamfani ne na birnin Shenzhen mai suna Transsion, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006. Shi ne mai Tecno da Itel da Infinix. Talakan China bai ma san waɗannan sunaye ba, don ba can ake sayar da su ba. An ƙera su ne da ido a kan Afirka: gurbin sim biyu, batir mai jimawa, kyamarar da aka saita don ta fitar da baƙar fata yadda take, da harsuna irin su Hausa da Amharik da Suwahili a cikin waya. Zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar. Ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan garuruwa, yana da hannu a Boomplay da PalmPay. Idan ɗan Maiduguri ya ce Android, sau da yawa Transsion yake nufi ko da bai taɓa jin sunan ba.

Babbar hujjar da garin ke ba wa wannan ɓangare ita ce wuta. A Janairun 2021 mahara suka karya turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba aka sake tarwatsa su, garin ya shafe mafi yawan shekarar a duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da Shugaba Buhari ya buɗe a Maris na 2023 ta kawo sauƙi, amma bayan kusan wata uku aka cire tallafin mai, tayar da janareto a gida ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Shi ya sa sana'ar masu caji ba ta mutu ba: rumfa, ƙaramin inji ko sola, soket a jere, ka biya a liƙa wa wayarka lamba, ka dawo bayan awa biyu. Mutumin da ke rayuwa a haka, abin da yake fara tambaya game da waya shi ne ko za ta kai shi dare. Sababbin Tecno da Infinix da Redmi, har masu arahar cikinsu, batirinsu 5,000 mAh ne, wasu 6,000. Na iPhone XR 2,942 ne ranar da ta fito a 2018, na iPhone 11 kuma 3,110. Gaskiya ne iOS ta fi iya tattalin wuta, kuma ba a gwada lambobin nan kai tsaye. To amma batirin da ya yi shekara biyar ana cajinsa ya riga ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ko fiye. Shi ya sa kusan duk mai tsohuwar iPhone za ka gan shi da fawabank a ɗaya aljihun, kuma kuɗin fawabank ɗin ba ya cikin farashin da aka faɗa masa a shago.

Sai zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera iPhone ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu, ma'auni na haura 40 sau da yawa. Zafi yana cin kowane batir, na Android ma bai tsira ba, sai dai wanda ya fara tseren da tsohon batir shi ke riga gajiya. Idan ya gaji kuma sai a je gun mai gyara, a nan wata tazarar ke fitowa. Gilashi da batir da bakin caji na Tecno ko Itel suna nan a kowace rumfa, yaron da ya yi wata shida yana koyon gyara zai canja maka su kana tsaye. Apple kuwa ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk faɗin Afirka, dillalan da ya amince da su suna can Legas da makamantanta. Kayan gyaran da ke isowa nan na kasuwa ne, masu kyau da marasa kyau a gauraye, kuma wayar takan tona asiri, ta rubuta cewa ba ta san wannan batirin ko wannan gilashin ba. Hatta igiyar caji abin lura ce. Sai a iPhone 15, a 2023, Apple ya koma bakin caji irin na kowa bayan Tarayyar Turai ta tilasta masa. Waɗanda kuɗin talaka ke kaiwa gare su duk masu tsohon baki ne, wanda in ka manta igiyarka a gida sai ka yi ta yawon aro.

Maganar layi ma ta fi nauyi a nan fiye da wurare da yawa. Ɗan kasuwar da ke kai kaya Gamboru ko Banki ko Damasak yana da layin kira, yana da na data, yana kuma da sim ɗin Kamaru ko Chadi ko Nijar a naɗe cikin takarda. Kan hanya, inda wannan kamfani ya ɗauke wancan yakan kawo. A waya mai gurbi biyu wannan aikin minti ɗaya ne da tsinke. Yawancin iPhone gurbi ɗaya gare su, na biyun layi ne da ake dasawa a cikin wayar ba tare da kati ba, wanda ake kira eSIM, kuma sai an bi ta kamfanin sadarwa kafin a samu. Waɗanda aka ƙera don kasuwar China da Hong Kong ne kawai ke ɗaukar kati biyu, shi ya sa masu shago ke ƙara musu kuɗi. Batun 5G kuwa, duk da cewa Maiduguri na cikin birane bakwai da MTN ya ambata lokacin da ya ƙaddamar da shi a 2022, ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara kuɗi saboda shi ba, tunda da zarar an fita gari 4G ɗin ma addu'a ake yi.

Akwai wani darasin da garin ya koya da tsada. A watan Mayu na 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, Borno ta shafe watanni babu kira babu saƙo. Wasu sai sun yi doguwar tafiya zuwa wata jiha kafin su ji muryar 'yan uwansu. A lokacin, amfanin waya bai wuce abin da ke cikinta ba: tocila, rediyo, da abin da aka tura a memori. Wannan ɗabi'a ba ta bar mutane ba, tsadar data ma ta ƙara mata ƙarfi, musamman bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Har gobe mutane na zuwa gun masu turi a cika musu memori da tafsiri da karatun Alƙur'ani, da fina-finan Kannywood, da fassarar Indiya, da waƙoƙin Kanuri da na Shuwa, sannan su raba wa juna ta Xender ba tare da an kashe ko sisi ba. iPhone ba ta da gurbin memori, ba ta kuma kama rediyon FM. Mai turi zai iya sa maka fim a cikinta, amma da ɗawainiya. Dattijon da ke son sauraron rediyon BRTV bayan sallar asuba ba tare da data ba, an riga an yanke masa hukunci.

Wata hujjar kuma ta Maiduguri ce ta musamman. Tun da garin ya zama cibiyar ƙungiyoyin agaji, dubban matasa sun ci abinci da aikin tattara bayanai a sansanoni da ƙauyuka. Manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su, KoboCollect da ODK Collect, a kan Android kawai suke. Ɗalibin Jami'ar Maiduguri ko na Kwalejin Ramat da ke fatan samun irin wannan aiki na mako biyu, in ya sayar da Infinix ɗinsa ya sayi iPhone don a gan shi, ranar da aka kira shi sai ya nemi aro.

Duk da haka iPhone na da hujjojinta, kuma masu raina su ba su yi adalci ba. Ta farko ita ce daɗewar kulawa. Apple yakan ci gaba da aiko wa wayarsa sabuntawa shekara shida ko bakwai. iPhone 6s ta 2015 ta samu iOS 15 a 2021. Ƙananan Android kuwa da yawansu a kan tsarin da suka fito suke tsufa, in an yi sa'a a ɗaga su sau ɗaya ko biyu. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 da Galaxy S24, amma waɗannan ba su ne wayoyin da muke magana a kai ba. Sai dai mai sayen ta hannu ya tuna cewa wani ya riga ya cinye masa yawancin shekarun. iPhone XR ta tsaya a iOS 18, ba a ba ta iOS 26 ta 2025 ba. A shekarar ne kuma WhatsApp ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus, alhali a lokacin yana ci gaba da aiki a kan Android 5, wadda ta fito tun 2014. Wato tsohuwar Android takan rasa kariya da wuri amma ta daɗe tana buɗe WhatsApp, tsohuwar iPhone kuwa takan daɗe da kariya, sannan rana ɗaya a rufe mata ƙofa.

Ta biyu ita ce riƙe daraja. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Waɗanda ke riƙe da iPhone a lokacin, wasunsu sun sayar da ita sama da yadda suka saya, bayan sun more ta shekara guda. Kasuwarta a buɗe take koyaushe: ka kai taka, a duba, ka cika kuɗi ka karɓi ta gaba da ita. Sabuwar Tecno kuwa tun ranar da aka yage ledarta ta fara zubar da kuɗi, kuma kafin shekara ta zagayo kamfanin ya fito da ƙannenta biyu. Ga matashin da ba shi da fili ba shi da tunkiya, wayar da za a iya mayarwa kuɗi cikin awa ɗaya ranar da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti ba abin wasa ba ce.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi a ganina, ita ce bidiyo. Maiduguri gari ne na turaren wuta da humra da lafaya da lalle da kwalliyar amare, kuma yau yawancin wannan ciniki a Instagram da TikTok da shafin WhatsApp ake yin sa, da masu saye a Abuja da Kano da Legas waɗanda ba za su taɓa shinshina turaren ba kafin su tura kuɗi. Hoto suke saye. Da yake nau'o'in iPhone kaɗan ne, masu rubuta waɗannan manhajoji sukan daidaita su da kyamararta sosai, abin da ba za su iya yi wa ɗaruruwan nau'o'in Android ba. Shi ya sa bidiyon da aka ɗauka da iPhone 11 a cikin ɗaki da daddare yakan fi na sabuwar wayar da aka rubuta wa megafiksel 108 a kwali fitowa da kyau bayan an ɗora shi. Ga Hajiyar da ke haɗa humra, ko yarinyar da ke zanen lalle, ko saurayin da ke ɗaukar bikin wushe-wushe, iPhone jari ce, kuma tana mayar da kuɗinta.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kasuwar iPhone ta hannu cike take da ramuka. Tun 2013 Apple ya ɗaure kowace waya da asusun iCloud na mai ita, ta yadda in an goge ta ba za ta buɗe ba sai da kalmar sirrinsa. Wannan ya rage wa ɓarayi riba, amma yana nufin wanda ya sayi wayar da ba a cire asusun tsohon mai ita ba ya sayi madubi. Akwai waɗanda kamfanin sadarwa na Amurka ya kulle, ake sa musu ɗan siririn faranti a ƙarƙashin sim don su kama layi, su yi aiki yau gobe su ƙi. Akwai waɗanda aka yi wa dabara lafiyar batirinsu ke nuna 100 alhali ya mutu. Akwai waɗanda tantance fuskarsu ya lalace. Sannan ga sabuwar sana'a: a ɗauki cikin XR a sa masa rigar 13 Pro ko 14 Pro, har da idon kyamara uku, biyu daga ciki na ado. Mai shago zai ce maka, “Alhaji, wallahi ko sukurunta ba a taɓa kwancewa ba.” Wataƙila gaskiyarsa ke nan, shi ma haka aka faɗa masa a Legas. Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya zauna a shagon ya sa sim ɗinsa ya yi kira, ya shiga saituna ya karanta ainihin sunan wayar da tarihin kayan da aka canja mata, ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI da wadda za a rubuta masa a rasit, ya kuma sa a goge wayar a gabansa ya buɗe ta da nasa asusun. Rasit ɗin nan kada a raina shi, don wayar sata ta kai mutanen kirki da yawa ofishin 'yan sanda.

Ita ma sabuwar Android mai araha ba ta zo da tsarki ba. Wanda ya sayar maka da waya a kan ƙaramar riba zai nemi cikon ribarsa a wani wuri, wurin kuwa shi ne idonka da datarka: tallace-tallace a saman gilashi, manhajojin da ba ka nema ba kuma ba sa gogewa, sanarwa ba dare ba rana. Rubutun kwali ma sai an karanta shi da hankali. Idan aka rubuta 8+8 a matsayin ƙwaƙwalwar aiki, takwas ce ta gaske, ɗayar aro ce daga ma'ajiya kuma ba ta da saurin ta farko. A 2020 kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano muguwar manhaja a cikin dubban Tecno W2 tun daga kwali, tana cinye data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. Sai dai yawancin ɓarnar da Android ke sha, masu ita ne ke buɗe mata ƙofa. 'Yancin da ya ba ka damar karɓar fim ta Xender shi ne ya ba ka damar karɓar GBWhatsApp daga wayar aboki, manhajar da ba ka san wanda ya rubuta ta ba, wadda kuma ke iya jawo a rufe maka lamba. Haka manhajojin bashi da ke kwashe lambobin mutum su riƙa aika wa surukansa saƙon cin mutunci, har sai da Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023. Sannan ga tsarin biya kaɗan-kaɗan, wanda ke kulle wayar ranar da aka makara, kuma in aka tara abin da aka biya ya zarce farashinta nesa ba kusa ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai Keke Napep suka koma karɓar tiransifa, waya ta zama lalita. OPay da PalmPay da Moniepoint da manhajojin bankuna duk suna aiki a ɓangarorin biyu, a nan babu wanda ya fi wani. Hasali ma ɓarawon da ya fizge waya sau da yawa sim ɗin yake so, ya zare ya sa a ƙaramar waya ya kwashe asusu da lambobin tura kuɗi. Maganin wannan shi ne sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, abin da ba ya buƙatar iPhone ko Samsung, kuma ba kowa ke yi ba.

Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Monday Market da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, ta fito da wani ɓangaren da masu musu ba sa taɓawa. Wayoyi da yawa sun tafi a ruwan nan. iPhone tun daga 7 an yi ta da kariyar ruwa, amma wadda aka taɓa buɗewa aka canja mata batir ta rabu da wannan kariya. Bayan ruwa ya janye, abin da ya bambanta mutane shi ne wa ya san kalmar sirrin asusunsa. Google na ba da gigabait 15 kyauta, Apple na ba da 5, kuma kowanne zai iya dawo maka da lambobi da hotuna da hirarrakin WhatsApp a sabuwar waya. Amma mutum nawa ne yaron shago ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ya sa kalmar da ya ga dama, suka tafi ba su tambaya ba? Ɗan kasuwar da lissafin bashinsa duk yana cikin WhatsApp, in bai san wannan kalma ba, asararsa ta fi kuɗin wayar. Wannan asusun ne kuma ke sa ƙaura daga ɓangare zuwa ɓangare ta yi wuya, ko da yake tun 2022 ana iya kwashe hirar WhatsApp daga Android zuwa iPhone.

Ban manta da abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a fili ba. Rabin masu neman iPhone tambarin tuffa suke nema. A Amurka abin da ke riƙe matasa shi ne iMessage da launin saƙonsa, har gwamnatinsu ta ambaci batun a ƙarar da ta shigar da Apple a 2024. Mu nan kowa a WhatsApp yake, wannan igiyar ba ta ɗaure mu ba. Tamu igiyar ita ce hoton madubi, da taron biki, da kayan toshi da lefe, inda waya ta shiga jerin abin da ake auna saurayi da shi. Ba na ganin laifin mai son ado, Barebari ma ba baya ba ne wajen ado. Abin da ke ba ni tausayi shi ne wanda ya ci bashi ya sayi XR mai rigar 14 Pro, shi ya san ta ciki, masu kallon ma sun sani.

Ni dai da ƙanina zai zo da kuɗin da ba su wuce na waya ɗaya ba, ba kuma da hoto yake cin abinci ba, sabuwar Android zan ce ya saya, mai garanti, mai ma'ajiyar da ba ta gaza gigabait 128 ba, ya kashe rabin awa yana rufe tallace-tallacenta, ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya ba Hajiya ta ajiye. Da ƙanwata mai sayar da lafaya ce, sai in ce ta nemi iPhone, amma kada ta sauka ƙasa da wadda har yanzu ake aiko wa sabuntawa, ta kuma ware kuɗin batir da fawabank tun daga farko.

Wannan lissafin ma yana gab da canjawa, saboda kasuwar ta hannu tana bin ta sababbi ne da tazarar shekaru. Tun daga iPhone 14, a 2022, duk waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin sim ko ɗaya, eSIM ce zalla, kuma iPhone Air ta 2025 haka take a duk duniya. Amurka kuwa na cikin manyan wuraren da tokumbo ke fitowa. Waɗannan wayoyi sun fara sauka a Ikeja da Farm Centre, har masu gyara a China sun koyi huda musu gurbin sim da hannu kafin a yo lodinsu. Nan da 'yan shekaru, lokacin da farashinsu zai sauko inda 11 da 12 suke a yau, direban da ke bin hanyar Gamboru da katin Kamaru a aljihu zai tarar da tambayar farko da zai yi wa mai shago ta koma ko wayar tana da inda ake sa sim.